Wanda Ya Ce A Zuba

Ranar Laraba, sha huɗu ga Nuwamba, 2007, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci na yamma, Injiniya Ashafa ya ɗauki tocila ya sauka duba bakin bututu. A ƙasar nan magariba ke nan a watan Nuwamba.

Masana'antar tana bakin kogi, yamma da Manchester, inda ruwan teku ke shigowa ya mai da kogin zartsi. Aikinta ta ja ruwan, ta raba shi da gishiri, ta mayar wa kogi ragowar, mai ɗumi, mai kaurin gishiri. Wuta take ci ba kaɗan ba. Don haka kamfani ya ɗauko Ashafa daga Birmingham ya rage kashe kuɗi, da sharaɗin in bai rage ba kafin ƙarshen shekara, ya nemi wani aikin. Ya bar matarsa Zinatu da yara uku can Birmingham, a unguwar Small Heath.

Abin da ya fara ganowa shi ne kullum da faɗuwar rana ana rufe bututun zubar da ruwa na minti goma sha biyar, kuma sake tayar da injuna na cin wuta. Mai rufewar wani dattijo ne ɗan Ghana, Ziblim, mai gadin bakin ruwa. Aka kira shi ofishin manaja Clara. Da Hausa ya yi bayani, yana kallon Ashafa.

"Injiniya, a gidanku ana watsa ruwan zafi da magariba ba sallama? Akwai masu wurin. Lokacin fitowarsu ne."

Ashafa ya sani sarai. Da wannan aka rene shi. Amma kunya ta hana shi faɗin haka gaban Baturiya, sai ya ce mata tsohon salla yake tafiya a lokacin aiki. Ranar Juma'a aka sallami Ziblim, bayan shekara tara. A bakin ƙofa abin da ya ce kawai shi ne, "Ka fassara ni da kyau, ɗana."

Yau Laraba, kwana biyar ke nan bututu na zuba ba tsayawa, bisa umarnin Ashafa.

Ashafa ya bi gadar ƙarfe. Injuna na gurnani a bayansa. Iska ta kawo warin laka, sannan wani wari daban, na fatar da ta ƙone.

Ya tsaya.

A kan matakalar da ke gangarawa cikin ruwa, wata mata na zaune, ta ba shi baya. Ba riga a jikinta, sai jiƙaƙƙen zani. Bayanta duk ya saɓule, gishiri ya bushe fari a cikin gyambon.

Ya ce mata da Turanci ba a shigowa nan. Ba ta juyo ba.

"Ina tsohon da ke mana sallama?" Da Hausa, a hankali, kamar a cikin kunnensa.

Ya ga tana rungume da wani abu a cinya. Ba ya motsi.

"Kai ka ce a zuba?"

Ya buɗe baki zai yi bisimilla. Bakin cike da gishiri. Yana jin sa garas-garas tsakanin haƙora.

Lokacin janyewar ruwan teku ne, amma kogin hawa yake yi. Mataki ɗaya. Biyu.

Ruwan ya taɓa takalminsa. Da ɗumi.

Sitiyarin rufe bututun na nan, taku shida daga inda yake. Ruwa ya kai gwiwa kafin ya kama shi. Ya murɗa. Ƙarfe ya yi ƙara. Wani abu mai laushi ya riƙe masa idon sawu.

Ruwa a ƙirji.

Ya murɗa na ƙarshe. Bututun ya yi shiru.

Aka sake shi.

A kan gada masu gadi suka tsince shi, rigarsa ta sandare da gishiri.

Tun daga ranar duk ruwan da ya sa a baki gishiri ne, na famfo da na kwalba. Da lemo da madara yake rayuwa. Likita ya auna shi sau uku, ya ce gajiya ce. Kamfani ya kore shi da laifin rufe bututu ba izini. Bayan wata biyu suka sa na'ura tana rufe shi da kanta kowace magariba, suka kira abin hutun injuna. Ba su mai da Ziblim ba, ba su biya Ashafa ko kuɗin magani ba, alhali sun amince da abin a aikace.

Ashafa ya nemi Ziblim don ya roƙe shi gafara. Ya je gidan da tsohon yake haya, aka ce ya koma Tamale, can Ghana, tun Disamba, bai bar lamba ba.

Zinatu ta rubuta wa kamfani wasiƙa huɗu, tana neman haƙƙin mutum biyu. Amsa ɗaya ta zo, layi biyu, an ma rubuta sunan mijinta ba daidai ba.