Ganyen Kwakwar Makame

Kun taɓa ganin mutum zaune a ƙasan teku, yana numfashi, babu kumfa ko ɗaya da ke tashi daga bakinsa? To ku matso. Ke Hindatu, rage fitilar nan. Wannan labarin Arzika ne, ɗan masuntan Yawuri.

Arzika ya iya ruwa tun yana rarrafe. Shi ya sa da ya girma neman abinci ya kai shi wani tsibiri mai nisa, can tsakiyar ruwan gishiri, inda masu yawon buɗe ido ke zuwa nutso. A goya musu tukunyar iska a baya, a sa musu tabarau da takalmin roba mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, su sauka kallon kifaye da duwatsun murjani. Aikin Arzika shi ne ya sauka da su, ya dawo da su.

Mutanen tsibirin suna da al'ada. Kafin jirgi ya tashi, wata tsohuwa da ake kira Bi Tatu takan ɗaura wa kowa ganyen kwakwa a wuyan hannu. Ganyen shaida ce ga mazauna ƙasan ruwa cewa wannan baƙo ne, zai koma gida. In an gama nutson ranar, sai ka kwance ka jefa a ruwa, ka yi sallama ke nan. Wanda ya sauka hannu tsirara kuwa, an ce zama ya zo yi. Kuma ba a sauka mutum ɗaya.

Ranar da abin ya faru, Arzika ya gaji. Ba gajiyar yini ba, gajiyar watanni. Gishiri ya tsattsage masa leɓe. Kunnuwansa na amo. Washegari zai kama hanyar gida, tsohuwarsa na jiransa. Da baƙin suka gama nutso suka hau jirgi da la'asar sakaliya, ya kwance ganyensa ya jefa, ya jingina da tukwane ya lumshe ido.

Sai ƙugiyar ƙarfen da ke tsayar da jirgi ta ƙi fitowa. Ta maƙale a dutse.

Abokin nutsonsa Makame, ɗan tsibirin, yana zaune riƙe da kunne, jini na ɗan tsattsafowa. Ba shi da halin sauka.

"Yanke igiyar kawai, ɗan kogi," in ji Makame.

"A garinmu sai rago ke yanke igiya, ɗan gishiri."

"Nan ba garinku ba ne. Ina ganyenka?"

"Yanzu zan fito."

"Arzika. Ka riga ka yi sallama."

Amma ya riga ya goya tukunya. So yake kawai a gama, ya kwanta. Ya faɗa ruwa.

Ya bi igiya yana sauka. Haske na raguwa. Abin da ya fara lura da shi, babu kifi. Wurin da ɗazu yake cike, yanzu fayau. Ba ya jin komai sai numfashinsa.

A gindin igiyar akwai mutum.

Dattijo ne, zaune a kan dutse, ya ɗora hannu ɗaya a kan ƙugiyar. Farin gemunsa ba ya motsi da ruwan. Babu tukunya a bayansa. Babu kumfa. Arzika ya kalli ƙafafunsa. Dugadugan ne a gaba.

Da wani ne, da ya saki igiya ya yi sama. Amma Arzika ɗan gidan tarbiyya ne, bai taɓa wuce babba a tsaye ba. Kafin ya yi tunani, gwiwoyinsa sun taɓa yashi. Ya durƙusa.

Dattijon ya kama wuyan hannunsa, ya juya shi, ya duba. Ya yi murmushi. Bakinsa bai buɗe ba, amma muryar ta shigo cikin kunnen Arzika, da Hausar Yawuri tsantsa.

"Sannu da zuwa, ɗana. Ka gaji."

Wallahi tun da ya zo tsibirin babu wanda ya ce masa haka.

"Zauna. Ajiye kayan nan. Nan ba a tashin kowa."

Ya zauna. Yashin laushi gare shi kamar katifa. Amon kunnensa ya tsaya. Ciwon kafaɗa ya tafi. Ya ga allurar agogon iskarsa ta shiga ja, ya san ma'anarta sarai, amma bai damu ba. Ya tuna tsohuwarsa a bakin ƙofa. Sai ya ji ta yi masa nisa, kamar labarin wani. Hannunsa ya tafi kan maɗaurin tukunya.

Sai igiya ta girgiza.

Wani abu na gangarowa a jikinta, a hankali, yana juyi. Guntun darma ne, an ɗaure shi da ganyen kwakwa. Makame bai kwance nasa ba tukuna. Shi ne ya cire, ya zuro. Ganyen ya sauka daidai kan hannun Arzika.

Murmushin dattijon ya ɗauke.

"Ba naka ba ne."

Arzika ya damƙe ganyen. Iyakar ƙarfin da ya rage masa ke nan.

Sun daɗe a haka. Sannan dattijon ya ɗage hannunsa daga ƙugiyar.

"Tafi. Amma abin da ka kawo mini, na karɓa."

Arzika ya hau a hankali, yana zuƙar ragowar iska. Kansa na ɓullowa saman ruwa, Makame ya finciko shi yana zaginsa yana kuka. Baƙin suna ta tafi, sun ɗauka wasa ne. Ƙugiya ta taso sakayau.

Da suka isa gaɓa, Bi Tatu ta kalli idonsa sau ɗaya, ta kau da kai.

"Me ka bar masa?"

"Ban bar komai ba, Iya."

Sai da ya kwanta ya gane. Gajiyar ce. An karɓe ta duka. Jikinsa garau, kamar wanda ya tashi daga barci. Kuma wanda bai gaji ba, ta ina barci zai shige shi?

Ya koma Yawuri. Ya ga tsohuwarsa. Yana noma, yana su, yana aikin mutum uku, ko hamma ba ya yi. Mutane na cewa ya yi sa'a. Shi kuwa, in gari ya yi shiru, sai ya fito bakin kogi ya zauna, ido buɗe, yana sauraron minsharin maƙwabta.

Na san cikinku akwai masu burin ganin teku, kuma ku je, duniya ta gani ce. Amma ku miƙa hannu a ɗaura muku abin da mutanen wurin ke ɗaurawa, kuma kada ku sauka ku kaɗai, komai gajiya. In kuma hanya ta bi da ku Yawuri kuka ga mutum zaune a bakin ruwa shi kaɗai, kada ku ce masa sannu da hutawa. Ku zauna kusa da shi ku taya shi hira, har barci ya ɗauke ku.