Wanda Ya Yaye Ragar Inuwa

Sufeto ya saba a kira shi kan gawa, amma bai taɓa zuwa inda gawarwakin suke jere cikin tukwanen roba ba sai ranar.

Dakta, shugabar gidan renon itatuwa na cibiyar bincike, ita ta kai ƙara. Ta tarye shi idanunta jawur.

"Bishiyar nan ta kusa ƙarewa a duniya, Sufeto. Da ƙyar muka samo irinta. Na je taro, na dawo na tarar an yaye ragar da ke yi wa dashen inuwa. Ko wane ne, wallahi ba zan yafe ba."

Ganyayen sun yi fari fat, sun kanannaɗe.

"To, ba da rana shuka take rayuwa ba?"

"Da haske ganye yake haɗa abincinsa, haka ne. Amma waɗannan a ƙarƙashin iyayensu suke tsirowa a daji. In zafi da haske suka yi yawa, sai ganyen ya toshe ƙofofin numfashinsa don kada ruwa ya tsere. Abinci ya tsaya, rana kuma ta ci gaba da dukansa."

Sufeto ya tsoma yatsa cikin wata tukunya. Ƙasar a jiƙe take, kuma babu ciyawa ko ɗaya. Maɓarnaci mai ban ruwa har da cire ciyawa? Wannan kam sabon salo ne.

A bayan sito ya tsinci ragar, an naɗe ta tsaf, an yi mata ɗauri irin na damin hatsi. Ya kira mai gadi.

"Ranka ya daɗe, ko kare ban ga ya shigo ba."

"Kai ka ɗaure wannan?"

"Ni? Igiyar takalmina ma da ƙyar nake ɗaurewa."

"Wa ke da makulli?"

"Ni da Dakta. Nata a gida take barinsa."

Gidan yana cikin harabar cibiyar. A baranda suka tarar da mahaifin Dakta, tsohon manomin da ta raba da gona don ya huta. Yana gyara tsintsiya, kuma ɗaurin da ya yi mata shi ne na jikin ragar. Sufeto ya ji da ma bai duba ba.

"Baba, kun shiga wurin dashen nan?"

"Ƙwarai kuwa, ɗana." Tsohon ya yi murmushi. "Yarinyar nan ta rame saboda sun ƙi girma. Na leƙa na ga an killace su a inuwa kamar majinyata. Tun ban da gemu nake noma, ban taɓa ganin shuka ta yi albarka a duhu ba. Na yaye musu, na yi ta ba su ruwa. Ni na roƙi mai gadi ya yi shiru, so nake ta dawo ta sha mamaki."

"Ba ku ga sun yi fari ba?"

"Ganyen inuwa ne yake zuba. Sabo zai fito."

Dakta ta dafa bango. "Sufeto, na janye ƙarar."

"Ta wuce hannunki, Dakta. Dukiyar cibiya ce, manyanki sun riga sun shigo maganar."

Sufeto bai taɓa jin haushin iya aikinsa ba kamar ranar. Ya bar ankwa a aljihu, ya riƙo hannun tsohon da kansa ya kai shi mota.

Kafin ya shiga, tsohon ya waiwayo.

"Uwata, ki riƙa ba su ruwa da yamma kafin in dawo. Kada ki mayar da ragar nan, kin ji?"



"To, Baba," in ji Dakta.