Tsinin Allura a Bargon Jariri

A can wani zamani, matan wani ƙauye sukan taru su harhaɗa ƙyallaye, su shimfiɗa auduga a tsakiya, su ɗinka bargo. Duk wadda ta haihu, ita ake kai wa.

Ran nan suna cikin ɗinki, sai allurar wata mata mai suna Delu ta karye, tsinin ya shige cikin audugar. Ta laluba, ba ta ji shi ba. Ta yi shiru.

Aka gama, aka naɗe bargo. Delu ta san in ta faɗa, sai an farke aikin duka. Ta yi shiru.

A ɗakin mai jego, Iya Tabawa, babbarsu, ta shimfiɗa bargon, ta ɗauko jariri. Sai Delu ta yi wuf ta ce:

"Iya, dakata! Tsinin allurata na ciki!"

Wata ta ja tsaki. Iya Tabawa dai ta zauna ta fara farke ɗinki, sauran suka kama mata. Can sai ga tsinin, daidai inda kan jariri zai kwanta.

Iya ta miƙa wa Delu sabuwar allura, ta ce, "Ungo, ke za ki fara sabon ɗinkin."