Waya Ta Uku a Layin Gidan Hajjo

Ranar Laraba ce, bayan azahar, ina kan tsani a wani shago a Kalgo, sai wayata ta yi ƙara. Sumayya ce, ƙanwar matata, malamar firamare a Gwandu. Rabon da in ji muryarta tun sadakar arba'in ɗin matar tawa, Hafiza.

"Yaya Lukuman, intanet ɗin gidanga ya lalace. Kwana uku ina son in tura sakamakon yara, ya ƙi tahiya."

"Kin kashe kin kunna?"

"Har na gaji."

"Duk haka kuke cewa."

Ba ta yi dariya ba. Sai ta ce, "Ka dai taho. Kuma ka ga Inna."

Aikina ke nan, jan wayar intanet zuwa gidaje da shaguna, da gyara ta in ta yi gardama. Layin gidan surukata Hajjo ni na ja shi da hannuna shekara biyu da suka wuce, daga falwayar bakin titi, na binne shi ta bayan gida, na shigar da shi ɗakinta ta wani ɗan rami a ƙarƙashin taga. Don Hafiza na yi, saboda ta riƙa ganin uwarta kullum daga Kalgo.

Ganin nasu ma abin dariya ne. Hafiza 'yar fari ce, kuma Hajjo irin matan nan ne da kunyar ɗan fari ta zame musu kamar sallah. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Waccan" take cewa. In Sumayya ta kafa mata waya a gaba, sai ta kawar da kai ta dubi bango ta ce, "Tambaye ta ko ta ci abinci." Hafiza na ji, tana ƙunshe dariya. Ita ma ba ta ce mata Inna, Adda take cewa, kamar wata yayarta. Ni kuwa sunana bai taɓa fita daga bakin Hafiza ba. Injiniya take ce mini, ni da ko ƙofar jami'a ban taka ba sai in gyara ya kai ni.

Zazzaɓin kwana biyu ya ɗauke ta. Ranar jana'iza Hajjo ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba a gaban mutane, mata suna ta yaba mata. Ni na yi kukan da ya ishe mu mu biyu, kuma ban ƙara taka Gwandu ba bayan arba'in, don ba zan iya ganin ƙofar gidan ba.

Na ɗaure jakar aiki a babur na kama hanya. Na wuce Kambaza rana ta fara ja, ana ta yankan gero a gonaki. Kafin in shiga Gwandu hayaƙin girkin yamma ya fara tashi.

Na cire takalma a bakin ɗakin Hajjo na durƙusa. Na ɗaga kai na dube ta. Matar da na sani mai jiki, mai faɗan kaji da ƙarfi, ta koma kamar an rataye zane a ƙusa. Awarwaronta ya zame har gwiwar hannu. Ta amsa gaisuwata ba ta dube ni ba, idonta na kan rawuta, ɗan akwatin nan fari da ke raba intanet, wanda na kafa mata a kan kantar kwanukanta kusa da gado.

Sumayya ta ja ni tsakar gida ta rage murya.

"An kai ta asibiti sau biyu, sun ce ba su ga komi ba. Amma kullum in magariba ta gabato sai ta kore ni ta ja ƙyaure. In ta hito, sai ka ga ta ƙara ramewa. Wallahi Yaya, da ido kake ganin ragin."

"Mi take yi ciki?"

"Ina jin tana magana."

Na ce mata bari mu fara da abin da na iya. Na zauna a kan turmi na buɗe kwamfuta. Na sa ta kashe rawutar, muka ƙirga talatin, ta kunna. Na gwada gudun layin. Saukowa mega goma sha takwas, lafiya lau, har ya fi na wasu ofisoshi. Turawa kuwa ko rabin mega bai kai ba. Na sake gwadawa a bakin ƙofar ɗakin, ko bango ne ke tarewa. Haka dai. Na ɗauko gajeren kebul na nemi izini na shiga, na haɗa kwamfutar da rawutar kai tsaye. Bai canza ba.

Duk mai wannan sana'a ya san ma'anar haka. Layin bai lalace ba. Wani ne ke cinye hanyar fita, yana tura wani abu mai nauyi daga gidan zuwa waje, ba dare ba rana. Na ce a raina, wani ɗan maƙwabta ne ya saci kalmar sirri, yau zai ga aiki.

Na buɗe jerin na'urorin da ke kan layin. Uku ne. Kwamfutata, wayar Sumayya, sai ta uku.

Matar Injiniya.

Ni na rubuta wa wayar Hafiza wannan sunan, ranar da na saya mata ita. Wayar tana Kalgo, cikin akwatin kayanta, a kashe, batirin ma ya kumbura na cire shi.

Na canza kalmar sirri. Wayar Sumayya ta faɗi daga jerin, kamar yadda ya kamata. Ta ukun ba ta motsa ba. Na toshe ta. Ta ɓace, kafin in sauke numfashi ta dawo.

Hasken taga ya koma ja. A waje kaji na hawa akurki, wani na jan ruwan alwala a buta.

"Ku hita," in ji Hajjo.

"Inna, saura kaɗan in..."

"Na ce ku hita. Lokaci ya yi."

Ban taɓa musa wa surukata ba. Ranar ban tashi ba. Sumayya ta tsaya a bakin ƙofa, ta riƙe labule.

Ƙamshi ne ya fara zuwa. Humrar Hafiza, wadda take haɗawa da kanta, har nake mata tsiya cewa ta cika kanumfari. A ƙarƙashinta akwai wani wari, irin na laka in an yashe tsohuwar rijiya.

Fitilar rawutar ta daina ƙiftawa. Ta tsaya cak.

Sai ƙara, siririya, kamar ana jan guga daga nesa.

"Inna."

Rawuta ba ta da lasifika. Na kwance ɗaruruwansu, na sani. Amma daga cikinta muryar ta fito, kuma muryar Hafiza ce, har da ɗan dushewar nan da take yi in ta tashi daga barci. Wata huɗu ina roƙon Allah ya nuna mini ita ko a mafarki, bai nuna mini ba, ga ta nan taku biyu daga inda nake.

Hajjo ta matso bakin gado. Fuskarta ta yi haske kamar ta yarinya.

"Ga ni," ta ce a hankali. "Kin ci abinci?"

A kan kwamfutar, layin da ke nuna abin da ke fita ya yi tsalle sama. Ta yi shiru, ya sauko. Ta ja numfashi za ta sake magana, ya hau. Na dubi allon, na dubi ƙirjinta. Tare suke tafiya.

Ashe abin da ke fita daga gidan ke nan.

"Inna, sanyi nake ji," in ji muryar. "Nan ba wanda ya san ni. Ki kira sunana sau guda, in san ke kinka haihe ni. Sau guda tak, sai in taho in ɗauke ki mu zauna tare."

Hawaye suka zubo wa Hajjo. Karon farko ke nan da na ga hawayenta.

Na miƙa hannu na zare wayar wuta daga bango. Fitilar ba ta mutu ba.

Na kama kebul ɗin da ya shigo ta ramin taga na ja. Ya ƙi fita. Ɗumi gare shi, irin ɗumin hannun mutum, kuma wani abu na harbawa a ciki.

Na laluba jaka na ɗauko filaya.

"Lukuman."

Hannuna ya tsaya.

"Lukuman, kar ka yanke. Ba ka yi kewata ba? Ka bar ni, gobe kai zan kira."

Allah ya gani, na so in bari. Na so in ajiye filayar in zauna a ƙasa in ce mata ta yi ta magana, ko mene ne ita, ko nawa zai ci daga jikina. Na buɗe baki zan amsa.

Sai sunan ya tsaya mini a kunne. Shekara biyar muna tare, ko a faɗa, ko ranar da zazzaɓi ya sa ta sambatu, Hafiza ba ta ce Lukuman ba. Ba ta taɓa ce wa Hajjo Inna ba. Kuma da ta roƙi uwarta ta karya kunyarta, gara ta haɗiye harshenta. Abin nan ya kwashe muryarta tsaf daga hirar shekara biyu da ta bi ta cikin wayar, amma bai san abin da ba ta faɗa ba.

"Inna, ba ita ta ba!" na ce.

Hajjo ba ta ji ni ba. Ta ɗora tafin hannu a kan rawutar. Ta buɗe baki.

"Ha..."

Layin allon ya haura har ya fita daga ma'auni. Kanta ya fara langaɓewa.

"Haf..."

Na yi bisimilla na datse.

Ƙarar da ta biyo baya ba ta mutum ba ce. Kwanukan da ke kan kantar suka zube. Guntun kebul ɗin da ya yi waje ya murɗe kamar wutsiya, ya naɗe mini wuyan hannu, ya ja. Kafaɗata ta daki bango. Hannuna ya shige ramin har gwiwa, ramin da na san da ƙyar yatsa biyu ke shiga.

Can ciki sanyi ne, da ruwa.

Wani abu ya riƙe mini yatsu, a hankali, yadda take riƙewa.

Sumayya ta cakumi rigata ta baya tana salati da ƙarfi. Na ji ɗinkin rigar na tsagewa. Sai ladanin unguwa ya ɗaga murya.

Aka sake ni. Muka zube ƙasa ni da Sumayya.

Ɗakin ya yi tsit, warin lakar na janyewa. Hajjo na kwance a gefen gado, tana numfashi. Sumayya ta yayyafa mata ruwa, ta buɗe ido, ta dubi rawutar da ta mutu, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta juyo ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na auri 'yarta.

"Na san ba ita ta ba," ta ce. "Tun ranar hwarko na sani. Ɗiyata ba ta ce mani Inna."

"To don mi, Inna?"

"Shekara ashirin da shida sunan na bakina. Na ce sai gobe, sai ta girma, sai ta haihu. Yanzu in na hwaɗe shi, wa za ya amsa? Wanga ko ƙarya na, shina amsawa."

Ta juya ta fuskanci bango.

Washegari da hantsi na bi layin ta bayan gida ina tonowa. Taku bakwai daga taga, ƙasar ta zama baƙa, jiƙaƙƙiya, alhali rabon da a yi ruwa sati uku. Wani dattijo maƙwabcinsu ya leƙo ta katanga ya ce ai nan rijiya ce tun zamanin kakansa, an cike ta ne don ba a jin daɗin abin da ake ji a cikinta. A kan bakinta na bi da wayar, ranar da na ja ta, ina sauri in gama kafin duhu. Na tattara abin da na tono na ƙone, ban sake ja wa gidan wani layi ba.

Yatsuna biyu na dama har yau ba sa jin zafi ba sa jin sanyi. Ina aiki da su haka. Hajjo ta murmure, ta koma faɗan kajinta, kowa a dangi yana sa mini albarka. Ni kuma duk Juma'a sai na je Gwandu na durƙusa a bakin ɗakinta na gaishe ta, ba ta amsawa. Ban ga laifinta ba.

Sai Juma'ar da ta wuce. Na gama gaisuwa, na miƙe zan sa takalma, na ji muryarta daga bayan labule.

"Kai ma ka ji ta, ko?"

"Na ji, Inna."

"Har ta ce gobe kai za ta kira."

"Ta ce."

Da ta sake magana babu faɗa a muryarta, tambaya ce kawai, ta wanda yake son ya sani.

"To da wane hannu ka iya datse ta?"

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.