Hannun Gilashin Motar Baba

Wai an yi wani saurayi da mahaifinsa ya rasu, Allah ya ji ƙansa, ya bar masa tsohuwar mota, irin wadda ake murɗa hannu gilashi ya tashi. Gilashin direba ya maƙale a ƙasa, ga damina ta kawo kai. Sai an cire hannun kafin a gyara.

Ya ja, bai fita ba. Ya sake ja, bai fita ba.

Mahaifiyarsa ta ce, "Kai ɗan nan, babanka ba ja yake yi ba. Akwai ɗan ƙarfe ɓoye a baya. Tsumma yake zurawa, ya goga a hankali har ya zame."

"Inna, hadari ya taso, ina na ga lokacin tsumma?"

Ya sa ƙarfe ya ɓanɓara. Ƙas! Hannun ya karye, har da sandarsa ta ciki.

Ya je kasuwa, aka ce an daina yin irinsa. Ya je wata, aka ce an daina. Ya manna leda, iska ta yage.

Ruwa ya yi ta shiga har kujerar mahaifin ta ruɓe. Inna ta leƙa, ta share hawaye, ta koma ɗaki.