Tsohuwar Jitar Babaji

Da hantsi aka kawo rahoton. Kafin Insfekta Yunus ya isa Yerimaram, saura kaɗan a yi gawa ta biyu.

Ta farko tana cikin shago. Babaji mai jita ne, wanda ke kiɗan biki daga Potiskum har Damagum, kwance rub da ciki, an fasa masa ƙeya da taɓarya. A waje kuma 'yan unguwa sun rufe wani makiyayi mai suna Bobbo da gorori da duwatsu, don an gan shi ya fito da jini a riga. Sai da Saja ya harba bindiga sama aka samu aka ja Bobbo cikin mota, ido ɗaya a rufe, baki yana zubar da jini.

"Aradu ɗaga shi na yi," abin da yake ta maimaitawa ke nan. Ragon suna ya kawo wa Babaji, ya tarar da shi a haka.

Jama'a suka bi motar har caji ofis, suka zauna a bakin titi da galan ɗin fetur. DPO ya ce ba shi da mutanen da za su tare ƙofa in aka sauko daga la'asar.

Yunus ya koma shagon. Rediyo na nan, lasifika na nan, sabuwar jita ma na jingine. Meram, matar mamacin, ta nuna masa ƙusa a bango. Abu ɗaya aka ɗauka, tsohuwar jitar lantarki, ja, fentinta duk ya koɗe, wayarta ɗaya a tsinke. Katako ne zalla, babu rami a cikinta, amma da yatsa biyu take ɗaga ta in za ta yi shara.

"Makiyayi me zai yi da ita?"

"Ranka ya daɗe, in ba makaɗi ba, ko kyauta aka ba mutum ba zai waiwaye ta ba."

Ta ce akwai wanda ya sha zuwa roƙonta, Ikrama, tsohon abokin kiɗansa.

Ikrama ya fito ƙofar gidansa yana gumi, hannu a aljihu. Ya ce tun da bijimi ya murƙushe masa kafaɗa a Kasuwar Shanu bai sake taɓa jita ba, shekaru ke nan. Yau ko waje bai leƙa ba.

Yunus ya juya ya tafi. Ya san makaɗan garin in waya ta tsinke, igiyar birkin babur suke warwarewa su ɗaura. Ya bi layin makanikai rumfa rumfa. Bubayaro mai gyaran babur ya goge hannu ya yi dariya.

"Ikrama ya zo sayen igiyar birki ɗazu, Yallaɓai. Na ce kai da ko keke ba ka da shi, birkin me za ka kama?"

Suka koma gidan Ikrama, wannan karon ba su yi sallama ba. Saja ya banke ƙofa, wuƙar Ikrama ta tsarge masa dantse. Yunus ya cafki kafaɗar nan mai ciwo ya murɗe. Ikrama ya ƙwalla ƙara ya zube. Yatsunsa na hagu duk sabon bororo ne, wasu sun fashe.

Jitar na ƙarƙashin katifa, da sabuwar waya.

"A Jos na saya."

Yunus ya fito da ita tsakar gida, ya kama wuyanta, ya ɗaga ta saman turmi.

"Tunda taka ce, ba shaida ba ce."

"Kada ka fasa ta!" Ikrama ya rarrafo. "Ni ne. Na je Kano, na je Jos, na je Maiduguri neman mara nauyi irinta. Duk wadda na rataya, kafin waƙa ɗaya ta ƙare hannun ya mutu. Shi yana da biyu. Na durƙusa masa yau da safe, ya ce in nemi shantu, kiɗan mata ba ya bukatar kafaɗa."

Aka sa masa ankwa. Ta ƙofar baya suka shigar da shi caji ofis, amma labari ya riga su zuwa. Masu galan ba su tashi ba, suna kawai suka sauya.

Yunus ya buɗe sel, ya ce wa Bobbo ya tashi, an sallame shi.

"Suna nan?"

"Suna nan. Ba kai suke jira ba."

Bobbo ya saurari hayaniyar da ke waje. Ya matsa can ƙurya, ya ce don Allah a mayar da ƙofar a kulle.