Taswira a Juji

Ana shirin kiran magariba dutse na farko ya faɗo tsakar gidan Lauwali a Kaoje. Na biyu ya fasa tulu. Kaji suka yi tsit.

Wata shida ke nan da rasuwar yayansa, Farfesa Bunyaminu, shugaban tsangayar injiniyoyi a jami'a, shekara huɗu bayan samun mulkin kai. Matar marigayin, Mariyamu, ta dawo gidan da 'yarsu Barira da akwatunan ƙarfe uku cike da takardunsa. Jami'a ta aiko wasiƙa tana neman a ba ta su ta adana. Lauwali ya ce sai an raba gado.

Kafin a raba, gida ya raba wa kansa. Matar Lauwali tana ƙunshe soyayyen kifi da takardun, ana hura wuta da su, har kashin yara ake kwashewa da su. Mariyamu mace ce mai ƙyanƙyami, ko ƙuda ya faɗa mata a fura zubarwa take yi. Tana gani, amma zaman gidan wani ya ɗaure mata baki.

Kwana uku ana jifa. A na huɗu Barira ta faɗi bakin murhu, ta tashi da muryar tsoho.

Aka ɗauko Malam Atiku daga Lafagu. Ya zauna kusa da kanta ya daɗe yana karatu, sannan ya ce, "Wane ne kai? Mi yarinyar ga ta yi maka?"

"Ba ta yi komi ba. Ƙazantarku ta kawo ni," in ji muryar. "Da ubanta yana saurayi ya zo awon hanyar iyakar Dahome. Igiyarshi ta bi ta kan gidanmu, gindin tsamiya. Munka yi magana, ya karkata hanya, ya zana a takarda. Wagga takarda ita ce alƙawarinmu. A ba ni ita kafin duhu, ko in tafi da ɗiyar."

"In an ba ka, ka fita ke nan?"

"Wa zai so zama nan?"

Aka zazzage akwatuna, babu. Matar Lauwali ta sunkuyar da kai ta ce wata takarda mai faɗi dai, shekaranjiya, da cikin ƙaraminsu ya ɓaci... ta nuna juji da baki. Lauwali ya kau da kai kamar ba gidansa ba. Ba wanda ya motsa.

Mariyamu ta tuɓe takalmi ta hau jujin. Da hannunta ta tona: hanjin kifi, tokar da ta jiƙe, tsutsotsi. Sau biyu ta yi amai, ta goge baki ta ci gaba. Haske na gab da ƙarewa ta zaro ta, a cukurkuɗe, ƙudaje na binta. Ta shimfiɗa ta gaban 'yarta. Ga layin hanya nan, ya taho sak, ya rusuna wa wata 'yar da'ira, alamar tsamiyar, ya wuce.

Muryar ta ce, "Da alwala ya zana ta. Tir da ku." Barira ta yi atishawa uku, jikinta ya saki.

Da ta buɗe ido Mariyamu ta kai hannu za ta rungume ta. Yarinyar ta ja da baya, ta toshe hanci.

"Inna, warin mine ne wanga?"

Mariyamu ta dubi Lauwali har sai da ya sunkuyar da kai.

"Aikin ubanki ne na shekara ashirin," ta ce. "Tashi ki zuba mini ruwa."